Ranar da Ma'u Mai Kitso Ta Kira Sunan Ɗanta

Duk wanda ya san Mawashi ya san Ma'u mai kitso, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta, don in ta fara faɗa a bakin rijiya har bayan makaranta ana jiyo ta. Kuma mutane sun iya baki wallahi, sai ka ji ana ai Ma'u masifa gare ta, ai Ma'u ba ta da kunya, ai Ma'u in ta leƙa idon ɗanka sai ta jawo mashi ciwo, amma ba mai zama ya gaya maka mi ya maida ta haka. Kuma ba mai gaya maka cewa bara a Kaikai akwai wata yarinya 'yar shekara biyu, Kamila, da ranta ya tsaya kan abu ɗaya tak, ko uwarta ta buɗe baki ko ta yi shiru, kuma da ba don wannan masifaffiyar da suke zagi ba da shirun za a yi. To ga yadda abin yake tun daga tushe, wanda zai ji haushi ya ji.

A Rimaye aka haife ta, ɗiyar manomi ce, allo kawai ta yi, kitso kuma wurin yayar babanta ta koya tun tana 'yar shekara tara, da gashin masara ta fara kafin a yarda a ba ta kan mutum. Hannunta bai da zafi, tsagarta miƙe take kamar an ja da zare, shi ya sa tun kafin a yi mata aure amare ke layi ƙofar ɗakin uwarta. Aka kawo ta Mawashi gidan Dauda mai noman gero da wake, mutum ne marar hayaniya, kuma suna son juna ba wata matsala. Lokacin nan Ma'u shiru-shiru ce, wanda ya san ta yanzu ba zai yarda ba, in Inna uwar mijinta ta fito tsakar gida sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, maganarta sai ka matso kake ji.

Haihuwar fari ta samu namiji aka sa mashi Ashiru. To kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunanshi, sai dai yaron nan, ko wancan, ba ta yi mashi wasa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki a gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi, nono ma sai ta shige ƙuryar ɗaki ta juya baya kamar mai sata. Ana yaye shi ya koma ɗakin Inna, kuma Inna na son shi kamar ranta, maigidana take ce mashi, ita ke mashi wanka ita ke goya shi. Ma'u ta riƙe kunyar nan da kyau har ana misali da ita, ana ce wa sauran matan aure ku dubi matar Dauda ku koyi zama.

Yana shekara biyu da 'yan watanni, wata rana da hantsi ya leƙo ɗakinta yana neman ƙanzo, ɗakin da ɗan duhu, hasken ƙofa ya bugi fuskarshi ta gefe, sai ta ga wani abu fari ya haska can cikin baƙin idonshi na hagu, kamar idon mage in an dalle ta da tocila. Ya juya kai abin ya ɓace. Ta ce ƙila idonta ne. Bayan kwana biyu ta sake gani, ta kuma sake gani. Ba wanda ya lura a gidan nan kaf, don a rana tsaka abin bai fitowa, kuma ba mai kallon yaron kamar yadda take satar kallonshi, ita da aka hana ta kallonshi ita ta fi kowa sanin fuskarshi.

Sau ɗaya ta gwada. Mata na zaune ana ɓarar gyaɗa, ta daure ta ce can ƙasa-ƙasa, "Inna, da an duba idon yaron nan."

Inna ta ɗago ta yi dariya ta ce, "Au, yau kuma ke ce mai duba mashi ido? To zo ki ɗauke abinki mana, ki goya shi ki zaga gari."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce 'yan zamani kenan, kwana nawa aka yi har kunyar ta ƙare. Ma'u ta shige ɗaki, ba ta ƙara ba. Inna ta zizara wa yaro kwalli da yamma, magana ta mutu.

Wata bakwai tana ganin farin nan tana haɗiye shi. Sai idon ya fara karkacewa ya yi ja yana ruwa, sannan aka ɗauke shi zuwa wani ƙaramin asibiti, Inna na goye da shi Ma'u na biye a baya da mayafi. Ma'aikacin da suka samu mutane sun yi mashi yawa, ya ɗaga fatar idon ya ce tun yaushe ya fara. Inna ta ce kwana huɗu ne, ƙasa yara suka watsa mashi wurin wasa, kuma ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da ta sani kenan. Mutumin ya ce ina uwar yaron, aka nuna Ma'u tana raɓe jikin ƙofa.

Ya ce, "Kin ga wani abu a idon kafin kwana huɗun nan?"

Maganar na bakinta, wallahi tana bakinta, fari ne, wata bakwai, kamar idon mage. Amma Inna na tsaye, mata cike da benci suna kallonta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Inna ta ce, "Ɗan fari ne likita, ai ba ta magana."

Ya yi murmushi don shi ma ɗan ƙasar ne ya san abin, ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce na gaba. Mi zai yi, kwana huɗu aka ce mashi.

Kafin a ci sabon gero ido ya kumbura ya turo waje har ba a iya kallon yaron, shi kuma kuka ba dare ba rana. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka shafa abin da duk wani mai wucewa ya ce a shafa, daga ƙarshe dai aka kai shi Katsina, Katsina suka ce Kano. A Kano wata likita mace ta duba hotunan kanshi sannan ta ce ciwon daji ne na ido, kuma ya riga ya bi ta baya ya shiga kai. Ta ce yakan fara da wani fari da ke haskawa cikin baƙin ido, ba wanda ya gani a gida? Ta ce da lokacin aka zo, ido kawai za a cire yaro ya ci gaba da rayuwarshi. Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, amma Ma'u ta ce har yau in ta tuna sai ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji.

Wata uku suka yi a asibitin. Inna jikin tsufa ya kasa ta koma gida, Dauda na zuwa yana komawa saboda gona, sai ya zamana a nan ne Ma'u ta fara rungumar ɗanta ba tare da ta leƙa ko ana kallonta ba. Shi kuma bai saba da ita ba. Ma'u yake ce mata kamar yadda ya ji kowa na faɗa, in zafi ya taso Inna yake kira, ya ture hannunta ya ce a kai shi wurin Inna. A kan cinyarta ya cika wata Laraba bayan azahar, kuma ko a lokacin bakinta bai iya kiran sunanshi ba, yaron nan, yaron nan, shi ta yi ta faɗa tana jijjiga shi.

Amma duk wannan ba shi ya maida ta abin da ta zama ba. Zaman makoki ne. An ce mata ɗan fari ne a daure, kar a ga hawaye, ta daure, ta zauna kamar dutse kwana uku. Sai ta ji mata a bayanta suna cin dambu suna cewa kai Ma'u akwai kunya, kun ga ko ɗigon hawaye, haka ake son ɗiya. Yaba mata suke. Yaba mata suke kan abin da ya kashe mata ɗa. Tun daga ranar wani abu ya tsinke a cikinta bai ƙara ɗinkuwa ba.

Ta sake haihuwa uku duk mata, duk suna nan lafiya. Ta koma kitsonta, amma ta zo da wani sabon hali, duk yarinyar da aka ajiye mata a gaba, kafin ta sa tsinke sai ta jawo ta cikin ɗaki ta karkata kanta wajen hasken ƙofa ta leƙa idanun ɗaya bayan ɗaya. Yaran goye ma da aka shigo da su sai ta ce juyo mani da shi. Sau nawa ta tayar da hankalin gida ta ce a kai yaro a duba, a je a ce ba komai, a dawo ana zaginta an yi asarar yini. Ta ce ku zage ni, na fi son haka. Kuma sannu a hankali duk gidan da aka ce masu ciwon daji ne da ɗansu su tafi Kano, ko na ciki ne ko na wuya ko na jini, sai ka ga an aiko Mawashi a ɓoye, su masu zagin nata. Don ita ta san inda ake hawa mota a Kankia, ta san ƙofar da ake shiga, ta san inda ake yankar kati da barandar da ake shimfiɗa tabarma ba a kore ka ba, ta san a tafi da bokiti da filas da garin kunu, ta san ranar da maganin zai sa yaro amai da ranar da gashi zai fara zuba, har 'yan huluna take ɗinkawa da ƙyallen atamfa tun kafin ya zube. In likita ya yi tambaya kaka ta buɗe baki sai ta ce dakata Iya, uwar za ta faɗa. Yara huɗu ta raka cikin shekara goma sha biyu, biyu sun dawo da ƙafarsu, biyu ita ta riƙe uwayensu a mota. Dauda bai taɓa hana ta ba, ko sau ɗaya.

Amma sunan nan ba ta taɓa kira ba. Duk bakin nan nata, in zancen ya zo sai ta ce wanda na rasa.

To bara ana saura kwana uku babbar salla aka kira ta Kaikai kitso, gidan Malam Ishaq mai makarantar allo. Gida ne babba, matarshi Goggo Halimatu ita ke juya cikin gida, akwai ɗansu Harisu da matarshi Ulfa, yarinya ce ba ta wuce sha tara ba, da ɗiyarsu ta fari Kamila da aka yaye ta koma ɗakin Goggo. Ma'u ta gama kai biyu kenan Goggo ta zo ta dire mata jikar a gaba tana dariya.

Ta ce, "Ga ƙawata nan, a yi mata kalaba ko guda biyar ce, wai ita ma gayu za ta yi ta ƙwace mani Malam."

Ma'u ta jawo yarinyar bakin ɗaki yadda ta saba, ta karkata kanta wajen haske. Na hagu baƙi wuluk. Ta juya na dama, sai ga shi. Fari, can ciki, ya haska ya ɓace. Shekara goma sha biyu tana neman abin nan tana roƙon Allah kar ta gan shi, ga shi a idon 'yar mutane tana tsotsar yatsa. Tsinken ya faɗi daga hannunta. Da ta ɗago kai sai ta hangi Ulfa tsaye wurin turmi, ba ɗiyar take kallo ba, fuskar Ma'u take kallo, kuma Ma'u ta san irin kallon nan don ta taɓa yin shi.

Ma'u ta yi wa yarinya kalabarta ta sallame ta, ta ce Ulfa ta zo ita ce a layi. Kun san mai kitso bakinta na kusa da kunnen wadda take yi wa, ba mai jin abin da suke faɗa. Ta tsaga gashi ta fara, sai da ta yi layi uku ta ce, "Tun yaushe kika gani?"

Ulfa ta ƙara sunkuyar da kai. Ma'u ta ɗan ja gashin.

"Da ke nake. Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi," in ji Ulfa, muryar kamar ba tata ba.

"Wa kika gaya mawa?"

"Yaya Ma'u, ina ni ina faɗa? Ta fari ce fa."

Ma'u ta saki kan a haka, rabi kitse rabi tsefe, ta miƙe ta sami Goggo Halimatu wurin murhu ta gaya mata komai ba kwana-kwana, ta ce akwai fari a idon jikarki, irin shi ya kashe wanda na rasa, gobe-goben nan a kai ta Kano. Goggo ta kamo yarinyar ta ɗaga fuskarta cikin rana tsaka ta duba, kuma a rana abin bai fitowa, ido ya yi kyau tas har da kwalli.

Ta ce, "Ina farin? Ma'u, dama an gaya mani halinki na ce ba ruwana, hannunki nake so. Ni ke kwana da yarinyar ga, ni ke mata wanka, in da abu ni zan fara gani."

"Kawo ta cikin ɗaki in nuna maki, Goggo, a duhu yake fitowa."

"Ba inda za ki kai ta. Ki sa mata baki ana shirin salla?" Ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure da majanyi tamau, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ke Ulfa, kin taɓa ganin wani abu a idon yarinyar ga?"

Mata wajen goma a tsakar gidan nan, kowa ya bar abin da yake ya juyo. Ulfa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

Goggo ta ce, "To kin gani. Ɗiyar mutunci ce, ba irin ku ba."

Nan fa murya ta tashi, Ma'u na faɗa Goggo na faɗa, har Malam Ishaq ya yi gyaran murya ya shigo daga zaure, Harisu na bayanshi. Mata suka jawo mayafai. Malam mutum ne mai sanyi, ya saurari kowa har ƙarshe, ya juya ya tambayi ɗanshi ko ya lura da wani abu. Harisu ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai lura ba Baba, to ina zai lura, shi ma kunyar yake, bai taɓa ɗaukar ɗiyar ya kalli fuskarta da kyau ba. Ulfa kuwa Malam bai ma tambaye ta ba, wa ke tambayar suruka zancen ɗiyar fari.

Ya ce, "Malama Ma'u, mun gode da kulawa, Allah ya saka. Amma ke kaɗai kika gani, kakarta ba ta gani ba, ubanta bai gani ba. Ga salla, ga shuka ta kama. A bari bayan salla in an sarara sai a duba."

Bayan salla. Ma'u ta san bayan sallar nan, ta san shi sarai, bayan salla sai bayan noman farko, sai bayan maimai, sai in an yi girbi, sai ranar da ido ya turo waje. Kuma ita baƙuwa ce, kitso aka kira ta, ba ta da ikon kwance goyo a bayan matar gida. Mutum ɗaya ce a gidan nan za ta iya, ga ta can kanta a ƙasa da rabin kitso.

Sai Ma'u ta tsaya tsakiyar gidan, gaban Malam, gaban kowa, ta ce, "Ashiru."

Ba wanda ya gane da wa take.

"Ashiru sunanshi. Ni na haife shi, ɗana ne na fari, yau shekara goma sha biyar da haihuwarshi ban taɓa kiran sunan ba sai yanzu, ku ji da kyau, Ashiru. Wata bakwai ina ganin farin nan a idonshi na yi shiru don kar a ce ba ni da kunya. Likita ya tambaye ni baki da baki na yi shiru. A cinyata ya mutu yana kiran kakarshi don bai san ni ce uwarshi ba." Ta juya wajen Ulfa. "Ke kuma ɗiyar mutunci, riƙe kunyarki da kyau kar ta faɗi. Za a yaba maki, wallahi za a yaba maki, ranar zaman makoki suna cin dambu za su ce Ulfa akwai kunya ko hawaye. Ni an yaba mani. Yabon na nan a ɗakina shekara goma sha biyu, ban san abin da zan yi da shi ba, in kina so ki zo in ƙara maki."

Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi, wata ta ce yau mun ga abin da ya fi ƙarfinmu. Ma'u ta duƙa tana tattara tsinkenta da man kitso tana zubawa a leda, don ta gama, ba ta da sauran abin faɗa.

Ba ta ma ga tasowar Ulfa ba. Yarinyar nan ta tako da rabin kitsonta ba ko ɗankwali, ta wuce ta gaban surukinta, ta je bayan Goggo ta sa hannu ta kwance majanyin. Goggo don mamaki ko motsi ba ta yi ba. Ulfa ta ɗauki ɗiyar ta rungume a ƙirji, abin da ba a taɓa gani ta yi ba, ta durƙusa gaban Malam, hawaye na zuba amma maganar ta fito.

"Baba, na gani. Tun kafin azumi nake gani, a idon dama. Kamila ɗiyata ce, ina so a kai ta."

Malam Ishaq ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannu ya amshi jikar ya shiga ɗakin da Ma'u ta nuna, ya tsaya bakin ƙofa yana karkata kanta a hankali, ya karkata ya sake karkatawa, sai aka ga ya tsaya cak. Da ya fito fuskarshi ta sauya. Ya ce Harisu ya je ya nemo mashin biyu na gobe da sassafe. Goggo ta fara cewa Malam yanzu gaban idonka yarinyar ga, ya ɗaga mata hannu ya ce, "Halimatu, kunyar ga ni ban gan ta a littafi ba." Kuma gaskiya ya faɗa, Allah ya saka mashi, amma shekara talatin yana karantar da mutane, sai ranar ya tuna bai gan ta a littafi ba.

Washegari suka fita Kankia suka hau motar Kano, Ma'u da Ulfa da Harisu da Goggo da ta ce ƙafarta ƙafar ƙawarta. A baranda suka yi salla, naman layya sai a leda aka aiko masu. Da suka samu ganin likita ya haska ido ya ce tun yaushe, Goggo ta buɗe baki, kafin ta ce wani abu Ulfa ta riga ta, ta ce tun kafin azumi, wata huɗu kenan, ni ce uwarta. Aka yi hotuna, aka ce dajin ne, ya cinye idon dama amma bai fita bayanshi ba, sai an cire idon. Goggo ta zauna a ƙasa tana kuka tana cewa ɗiya mace da ido ɗaya wa zai aure ta. Ma'u ta ce, "Goggo, bari ta yi rai tukuna, sai mu zauna ni da ke mu yi zancen miji." Harisu ya sa hannu a takarda.

Aka cire. Aka bi da maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa har sau shida, duk zuwa da Ma'u, ita ke riƙe kwanon amai, ita ta koya wa Ulfa yadda ake wanke gurbin idon, kalabar nan guda biyar a hannunta ta zube ta sa mata hular atamfa. Daga baya aka sa mata idon roba, in ba an gaya maka ba sai ka ƙura sosai. Har yanzu suna komawa ana duba na hagun, likita ya ce kar a yi wasa da zuwa, kuma Ulfa ba ta taɓa tsallake rana ba, in Harisu na gona ita kaɗai take goya ɗiyarta ta hau mashin.

Dauda kuwa labari ya riga matarshi isowa gida, har gona aka bi shi aka ce matarka ta kira sunan ɗan fari gaban malami a garin mutane. Ya ci gaba da nomanshi. Sai ranar da ta dawo daga Kano, yana zaune bakin ƙofa yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba ya ce, "Da yanzu Ashiru ya isa riƙe garma." Suka zauna nan su biyu suka yi kukan da ba a bar su sun yi ba.

To yanzu ku je Kaikai ku ji mi ake faɗa. Kuna tsammanin ana cewa yarinya ta rayu? Abin da ake faɗa wai Ulfa ta zubar da mutuncin gidan Malam, ta kwance goyo a bayan uwar miji, ta kira sunan ɗiyar fari ba ɗankwali, kuma Ma'u ce ta lalata ta. Gida uku sun daina kiran Ma'u kitso, a Mawashi ma akwai masu janye 'ya'yansu in ta wuce. Yarinya na gudu a tsakar gida tana bin kaji, su abin da ya dame su ɗankwali.

Sallar bana Ulfa ta ɗauko Kamila har Mawashi, gashi ya fito sabo mai laushi ya isa kamawa. Wata maƙwabciya na zaune tana jiran layi, ta ga Ma'u ta jawo yarinyar bakin ɗaki ta karkata kanta wajen haske, ta taɓe baki ta ce, "Har yanzu dai ba a daina leƙen idon 'ya'yan mutane ba."

Ma'u ba ta ko kalle ta ba. Ta duba idon hagun da kyau, ta sake dubawa, baƙi wuluk ba komai a ciki. Sannan ta ɗauki tsinke ta ce, "Ba a daina ba. In kin gama taɓe bakin ki miƙo mani na bayanki, shi ma ban duba shi ba."